Ƙafar Dama ta Si Layashi

Matso kusa ka gyara zama, ajiye abin da ke hannunka tukuna. Labarin wani mutumin unguwarmu zan ba ka, a nan Annaba, mutumin da ba a san shi da dukiya ba, ba a san shi da karatu ba, da ƙafa aka san shi. Ƙafar ma guda ɗaya, ta dama.

Sunansa Layashi, amma tun da furfura ta fara leƙo masa ake ce masa Si Layashi don girmamawa. Gajere ne mai ɗan tumbi, da gashin baki da ya yi ta rinawa har sai da matarsa Hadda ta ɓoye abin rinin. Da ƙuruciya a masana'antar ƙarfe ya yi aiki, a gaban wuta, har shekarar da aka rage ma'aikata aka sallamo shi da sauran ƙarfinsa. Ya taɓa sayar da kifi a bakin teku, ya taɓa jan tasin wani, duk ba su karɓe shi ba. Ya zauna a gida tsawon lokaci yana kallon bango. Abin da ya fitar da shi bakinsa ne, don mutum ne da in ya fara zance sai ka manta ka ɗora tukunya a wuta. Ƙungiyar 'yan fansho ta unguwa tana neman wanda zai riƙa raka tsofaffi yawon Asabar, a hau duwatsu zuwa Suk Ahras a sha iska, a gangara kwari a yi wanka a hamam, wato gidan wankan ruwan zafi, a dawo kafin isha'i. Wani ya ce ai ga Layashi nan zaune. Haka ya zama ɗan jagora, kuma ya daɗe a kai har yaran da aka haifa a lokacin yau sun yi aure.

Hamam ɗin can ba irin na cikin gari ba ne da ake hura wa wuta. Ruwan daga cikin dutse yake fitowa da zafinsa, zafin da zai dafa maka ƙwai, da wani wari mai kama da na ƙwan da ya lalace, wanda tsofaffi suka ce shi ne maganin. Ɗakuna biyu ne na dutse, na maza da na mata, kowanne da tafkinsa da matakalar gangarawa, amma ruwan ɗaya ne yake cika su. Mai kula da wurin, Farhat, shi ke sako ruwan sanyi ta bututu daga wata ƙorama a sama, ya sirka.

A tafiyarsu ta farko-farko wani tsoho ya tsaya bakin tafki ya ce shi ba zai shiga ba sai wanda ya kawo su ya fara, don in dahuwa za a yi gara a fara da mai kitse. Layashi bai zo da kayan wanka ba. Sai ya cire takalmi ɗaya, ya naɗe wando, ya zura ƙafar dama. Ya rufe ido, ya karkata kai kamar mai satar jin rediyon maƙwabta, ya daɗe haka, sannan ya ce, "Ruwan ango." Aka yi ta dariya. Asabar ta gaba aka ce ya sake. Daga nan abin ya zauna. In ruwan ya yi sanyi-sanyi sai ya ce ruwan jariri, a rage na ƙorama. In ya yi daidai, ruwan ango. In kuwa ya wuce kima sai ya ce ruwan figar kaza, kowa ya ja da baya a jira Farhat.

Da wasa aka fara, amma ka san tsofaffi. Fata ta yi laushi, zuciya ba ta son firgita, wasu idon ma ba ya gani sosai. Sannu a hankali suka daina taɓa ruwan da kansu. Me za su taɓa, ga ƙafar Si Layashi? Har ta kai da samari suka shigo sana'ar da motoci masu sanyi da kujeru masu kwantawa, tsofaffin unguwarmu suka ce a kai kasuwa, su inda ƙafar nan ta nufa nan za su.

Sai ciwon suga ya zo. Bai zo da hayaniya ba. Da farko kamar tururuwa ke yawo a tafin ƙafarsa, daga baya tururuwar ma ta tafi, ya zama in yana tafiya ji yake kamar katifa yake takawa. Ranar da aka gane, Hadda ce ta ga jini a kan darduma bayan ya idar da la'asar. Da suka duba takalmi sai ga ƙaramar ƙusa ta hudo ta ƙasa, ashe da ita ya wuni a kasuwa. Likitar da suka je wurinta ta ɗauko wani abu siriri kamar tsinke tana taɓa shi, ta ce in ya ji ya yi magana. Ta taɓa yatsu, shiru. Ta taɓa diddige, ta taɓa idon sawu, shiru. Sai da ta hau tsakiyar ƙwauri ya ce nan. Ta ce to daga nan zuwa ƙasa, ƙafafun nan biyu ba su da mai gadi. Kada ya kuskura ya kusanci ruwan zafi, don irin wannan ƙafa in ta ji rauni ba ta saurin warkewa, wani lokaci ma sai an yanke. Ya ce to. A hanyar gida Hadda ta sa ya yi mata alkawarin barin wasan nan na hamam. Ya ce ai ya bari.

Bai bari ba. Kuma ba taurin kai kawai ba ne. Ya san in ya faɗa, shugaban ƙungiya zai tausaya masa, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce ya je gida ya huta, hutun ke nan har ƙarshe. Shi kuwa ya taɓa zaman gida, ya san kamanninsa. Sai ya samo dabara. In ya sunkuya zai naɗe wando, sai ya saci taɓa ruwan da bayan hannu, sannan ya zura ƙafa ya rufe ido ya yi abinsa. Ga shi kuma sirkin Farhat ba ya canzawa. Haka aka ci hunturu guda, aka shiga na biyu, babu wanda ya lura.

Sai dai wani abu ya same shi wanda likita ba ta faɗa ba. Ko ciwon ne ya hau sama, ko ɓoyon ne, Allah masani. Ya riƙa ba da labaransa a mota ana dariya, shi kuwa yana jin muryarsa kamar ta wani ce daga ɗaki na gaba. 'Yarsa ta haihu a Marsai, can ƙetaren teku, aka bugo waya, ya ce alhamdulillahi, ya tsaya riƙe da wayar yana jiran farin ciki ya iso. Bai iso ba. Ba baƙin ciki yake yi ba, kada ka ɗauka haka. Da baƙin ciki ne da Hadda ta san yadda za ta yi da shi. Shiru ne kawai, irin na gidan da aka kwashe kaya.

To, ga Asabar ɗin da nake son ba ka labarinta. An kwana biyu ana ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ranar ce aka wayi gari da rana. Tsofaffi suka hallara a dandalin unguwa da jakunkunansu da tawul da kwanukan abinci. Direba Rabah, wanda suka yi shekaru suna wannan hanya tare, yana goge gilashi bai ce wa kowa komai ba, don shi maganarsa a rana ba ta cika cokali. Ammi Bulkasim, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai ciwon gwiwa, ya riga kowa kama kujerar gaba, ya duƙunƙune cikin kashabiyarsa, doguwar rigar sanyi ta ulu, har hular ta rufe masa ido. Halti Zubida, wadda ta yi ritaya daga dafa wa 'yan makaranta abinci kuma ita ce uwar tafiyar mata, ta tsaya a kansa da kwandonta.

"Ammi Bulkasim, kujerar nan da sunanka aka saye ta?"

"Da gwiwata aka saye ta, Hajja. Je ki baya, can ne ake gulma."

"Ai gulmarka muke yi. In na tafi baya wa zai kawo maka rahoto?"

Ya matsa mata, kamar yadda yake matsawa kowace Asabar.

Mota ta bar teku a baya ta fara hawa. Hanyar Suk Ahras ka san ta, lanƙwasa bayan lanƙwasa, mata suna shinshina ɓawon lemo don kada zuciya ta tashi. Si Layashi ya tsaya kusa da direba, ya riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, makirfo a ɗayan. Ya ba da labarin gadar da ya ce kakansa ya taɓa ɗaga ta da kafaɗa don raƙumi ya wuce. Ya nuna ƙauyen da ya ce akuyoyinsa ƙafafunsu na gefe ɗaya sun fi tsawo saboda kiwo a gangare. Duk sun san labaran, wasu ma suna riga shi ƙarasawa, amma suka yi dariya a inda ake dariya. Shi kuma yana kallon dusar ƙanƙarar da ta yi saura a kan duwatsu masu nisa, yana tunanin ko ya sha maganin safe. Ya kasa tunawa, kuma bai dame shi ba.

A Suk Ahras sanyi ya tare su tun daga ƙofar mota. Suka sha gahawa da madara a tsaye a shagon da suka saba. Masu ƙarfi suka bi shi tudu zuwa tsohuwar bishiyar zaitun, ya faɗi abin da yake faɗa a gindinta, aka ɗauki hoto. Mata suka watsu cikin kasuwa neman zuma da man shanun dutse. Bayan azahar aka baje gurasa da zaitun da dafaffen ƙwai a wani lambu, Halti Zubida ta buɗe kwandonta, makrud ne, wani irin cincin mai dabino, jiƙe da zuma, ta ɗora masa guda biyu a tafin hannu ta ce na ƙafa ne, a ba ta ta ji daɗin aiki. Ya cinye. Rabah ya kalle shi, ya kau da kai.

Sannan aka gangara kwari. Tun daga nesa tururi ya tokare sama, amma ranar sanyi haka yake, ba a gane komai daga tururi. Abin da Si Layashi ya fara lura da shi, Farhat ba ya bakin ƙofa. Wani mutum ne zaune da mabuɗi a hannu yana danna waya, ya ce shi surukin Farhat ne, Farhat ya hau sama tun safe, ruwan sama ya ɗan taɓa bututu. Aka tambaye shi ruwa fa, ya ce ruwa yana nan, ina za shi.

Maza suka shiga ɗakinsu, Rabah ya biyo su riƙe da rigunan sanyin waɗanda suka fara tuɓewa. Mata suka tsaya a waje, Halti Zubida ta jingina da bakin ƙofa ta ba ɗakin baya, tana jiran hukunci ta kai musu. Ammi Bulkasim tuni ya yar da kashabiya, ya ɗaura tawul, haƙarƙarinsa a waje yana rawar sanyi. Ya zo ya maƙale hannun Si Layashi na hagu da hannayensa biyu saboda santsi.

Nan Si Layashi ya ga abu na biyu. Ruwan bai cika tafkin ba. Kullum yakan kawo har baki, yau ya tsaya can ƙasa, matakalar sama duk a bushe. Ya sunkuya ya naɗe wando, ya miƙa bayan hannu yadda ya saba, hannu bai kai ba. In zai taɓa sai ya saki tsohon, ya durƙusa, ya zura hannu kowa yana gani. Ya cire takalmi, ya cire safa. Ya dafa bango da hannun dama, ya gangara, tsohon yana biye da shi manne a kafaɗa. Ya sa ƙafa a ruwa har idon sawu.

Ɗakin ya yi tsit. Ya rufe ido, ya karkata kai.

Babu komai. Kamar ya zura sanda. Yana jin numfashin Ammi Bulkasim a wuyansa, yana jin ɗigar ruwa daga rufi, yana jin wani yana tari a baya, amma daga ƙasa babu labari. Kuma ka san abin mamaki? Bai tsorata ba. Ya tsaya ne kawai yana tunani a hankali, kamar mai zaɓen tumatir. Ruwa ya yi ƙasa, ke nan na sanyi bai shigo ba. Ko kuwa ya shigo, na zafin ne ya ragu. Ko kuma an zubar ne da safe ana wanke tafki, bai gama cika ba. Kowanne yana iya yiwuwa. Harshensa kuwa ya riga ya shirya kalmar da ya saba, tana nan a bakin haƙora.

Daga waje Halti Zubida ta ce, "Si Layashi, ƙafar ta yi barci ne? Muna daskarewa."

Ammi Bulkasim ya ce, "Bar shi, Hajja, yau dogon zance suke yi." Ya saki hannu ɗaya, ya ɗaga tasa ƙafar, siririya kamar ta zakara, ya riƙe ta a saman ruwa yana jira. "Faɗi mana, ɗana. Ango ne, ko ba ango ba?"

Si Layashi ya buɗe ido ya ga ƙafar tsohon tana lilo. Sai ya tuna inda likita ta taɓa ya ce nan. Ya tare ƙirjin tsohon da gwiwar hannu, shi kuma ya ƙara gangarawa matakala ta gaba. Ruwa ya haura idon sawu, ya hau ƙwauri, ya hau, har ya isa wurin da ke da rai.

Kamar an ɗaura masa zoben ƙarfe daga cikin wuta. Ya san wannan zafin, ya yi shekaru a gabansa a masana'anta. Bai yi ƙara ba. Ya janye ƙafar, ya hau, ya jawo tsohon tare da shi, ya ce da muryarsa ta kullum, "Figar kaza. Kowa ya koma baya."

Aka ja da baya ana salati. Wani ya ɗauko ƙwai ɗanye da ya sayo a kasuwa, ya sa a cikin hula mai raga ya zura don gwaji, kafin a gama mayar da riguna farin ya kama. Surukin Farhat ya leƙo ya ce shi fa mabuɗi kawai aka ba shi. Ammi Bulkasim ya zauna a kan dakali yana kallon ƙafafunsa, ya ce yau da an ci miyarsa ba gishiri. Ana cikin wannan Si Layashi ya juya baya ya dubi tasa. Ta yi ja wur har inda ruwa ya tsaya, yatsun kuwa sun yi wani fari-fari. Ya zura safa, ya sa takalmi, ya ɗaure, ya sauke wando.

Can Farhat ya sauko daga dutse, laka har gwiwa, ya ce ya haɗa bututun. Aka saki ruwan sanyi, tafki ya cika har baki. Sai aka ce to Si Layashi, a sake ji. Ya ce ƙafa ba ta magana sau biyu a rana, ta gaji, Farhat ya gwada da damtse. Farhat ya durƙusa ya nutsa hannu har kafaɗa, ya ce ya yi. Ammi Bulkasim ya yi ta gunaguni, wai shi bai yarda da damtse ba, damtse ba shi da tarihi, amma sanyi ya fi ƙarfinsa ya shiga.

Si Layashi ya fita ya zauna a kan wani dutse a rana. Daga ɗakin mata ana waƙa ana tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Daga na maza ana gardamar ƙwallo. Zoben da ke ƙwaurinsa yana ci, daga nan zuwa ƙasa kuwa lafiya lau, ko ƙaiƙayi babu. Ya lura dai igiyar takalmin dama ta ɗame, alhali bai ɗaure ta da ƙarfi ba. Ya sassauta ta. Bayan ɗan lokaci ta sake ɗamewa. Ya zauna yana kallon wata akuya tana cin ƙaya a gangare har la'asar ta yi.

Suka fito jajur, kawuna naɗe da tawul, kowa yana ce wa kowa lafiyarka, ana amsawa Allah ya ba ka lafiya. Duk wanda ya wuce sai ya dafa kafaɗarsa. Wata tsohuwa da ba ta taɓa yi masa magana ba ta tura masa kwalbar zuma a aljihu, ta ce kada ya ce komai.

A hanyar dawowa yawanci barci ake yi, shi ma yakan ajiye makirfo. Ranar sai ya ɗauka. Ya tsaya yana kallon fuskokinsu, an jingina kai da taga, an sassauta ɗankwali, wasu baki buɗe. Bai shirya komai ba, maganar ce ta fito.

"Jama'a, ku ɗan saurara. Ƙafar nan tawa ba ta jin komai. Ta daɗe ba ta ji. Ciwon suga ne. Ko wuta kuka sa mata ba za ta sani ba. Kada ku ƙara shiga ruwa da maganata."

Aka yi shiru kaɗan, irin shirun da ake yi masa in ana jiran ƙarshen labari. Sai Ammi Bulkasim ya ɗaga hular kashabiya ya ce, "In wannan ce ƙafar da ba ta ji, Allah ya ba ni irinta guda biyu."

Motar ta ɗauki dariya har waɗanda suka yi barci suka farka suna tambayar me ya ce. Aka maimaita musu, su ma suka yi. Wani ya ce wannan ya fi na akuyoyi. Si Layashi ya ce da gaske yake, aka ƙara dariya, don haka yake cewa a ƙarshen kowane labari. Halti Zubida tana share hawaye da bakin mayafi ta ce tsoron kambun baka yake yi, kuma yana da gaskiya, ita da kanta za ta yi wa ƙafar turare. Ta ce Asabar mai zuwa a ajiye mata kujeru, za ta zo da yayarta mai shanyewar ɓarin jiki, wadda 'ya'yanta suka hana zuwa hamam don tsoron ƙuna. Yanzu kam ta sami abin da za ta faɗa musu.

Ya tsaya riƙe da makirfo. Ya nemi wata hanyar faɗa, bai samu ba. Ya kashe, ya zauna a 'yar kujerarsa ta kusa da ƙofa.

Ana kiran magariba suka shigo Annaba. A dandali ya tsaya a ƙasa yana riƙe hannun kowa yana saukowa, yana miƙa jakunkuna, ana sai Asabar, yana sai Asabar. Ko ɗingishi bai yi ba. Da aka watse ya koma ciki, don Rabah yakan rage masa hanya zuwa bakin layinsu. Amma Rabah bai bi ta layinsu ba. Ya miƙe, ya yi kwana, ya tsaya a ƙofar asibiti, ya buɗe ƙofar mota, ya kashe inji.

"Ka ɓata hanya, ɗan'uwa."

Rabah ya nuna ƙasan mota da haɓa. Daga ƙofa zuwa 'yar kujerar akwai sawun takalmi ɗaya a jiƙe da ruwan ƙuna, an je an dawo, an je an dawo, ɗayan kuwa bai bar komai ba.

"Ina tsaye a bayanka," in ji Rabah. "Na ga daɗewar da ka yi. Sauka."

"Hadda tana jira da abinci."

"Zan je in ɗauko ta."

"Kada ka ɗauko ta."

Mutane suna shiga asibitin suna fita, wani mai sayar da gyaɗa yana tattara kayansa. Si Layashi ya ce in ya shiga nan kwantar da shi za su yi, kuma kafin gobe da azahar duk unguwa ta ji. Rabah ya ce ai shi da bakinsa ya faɗa musu ɗazu. Si Layashi ya ce ya faɗa, ga abin da ya samu. Rabah ya ce to in sun zo dubiya suka ga bandeji za su yarda.

Si Layashi ya dubi takalmansa, ɗaya ya kumbura ya yi duhu, ɗaya yana nan yadda yake da safe. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, ba da wasa ba, ba kuma da wani nauyi ba, kamar mai lissafin abin da ya rage a kicin, "Ta hagu tana nan. In na gangara da sauri har ƙwauri, ba za ta daɗe a ciki ba."

Rabah ya zare mabuɗi daga mota ya sa a aljihu, ya harɗe hannu, ya jingina. Ƙofa tana buɗe, iskar teku tana shigowa da sanyinta, Si Layashi yana jin ta a fuska da wuya da gwiwa. Bai tashi ba, bai kuma ce a rufe ba.

Nan zan bar su, don abin da ya biyo baya kowa a unguwa da yadda yake ba da shi. Kai da ka zauna ka ji, in kai ne a 'yar kujerar nan, ka faɗi gaskiya da bakinka an yi dariya, ga tsohuwa mai shanyewar jiki ana shirin kawo maka ita ranar Asabar, ga ƙofa a buɗe, me za ka yi da ƙafar da ta rage?